Muryar da Ke Cikin Tulu

Da sunan Wanda Ya ƙagi harshe, Ya ba kowane baki muryarsa, Ya kuma yi haƙuri da ni da na yi ta kwasar na mutane. Ni ce Dela jikar Jatau, ta Mashigin Balma a ƙasar Samandari, wadda ke da tafiyar shekara guda daga inda kuke in raƙuminku ba ya ɗingishi. Ku gyara zama in ba ku labarin tafiyar da na yi neman muryar mutumin da ya rasu tun ba a haifi ubana ba.

Tun ina 'yar shekara biyar Allah Ya jarrabi garinmu da ni. Duk muryar da ta shiga kunnena sau ɗaya ta zama tawa. Na taɓa kiran awakin Liman da muryarsa, suka bi ni har kasuwa. Na taɓa yi wa maƙwabciyarmu sallama ta bayan katanga da muryar surukarta, ta share gida tas, ta yanka kaza, ni kuwa na shigo na taya ta ci. An sha dukana, amma mai dukan yakan yi dariya kafin ya gama.

Sau ɗaya ne wasana ya ƙi ci. Akwai wani maɗinki a garinmu, Cindo, mai i'ina. Wata ranar kasuwa na tsaya bayansa ina kwaikwayonsa har mutane suna riƙe ciki. Labari ya kai wa kakana. Shi da ke kirana amarya, yana ajiye mini ɗanyen dabino, sai ya yi wata guda bai ce mini uffan ba. Ban gane dalili ba, na ce tsufa ne.

Kakan nan nawa shi ne na ƙarshe cikin Baraden Zobe. A zamanin yaƙi da mutanen Fadama su ne garkuwar ƙasarmu. Da yake ƙasar duk ruwa ce da laka, raƙuman dawa suke hawa, suna ratsa kogi sulkensu bai jiƙe ba. Ba a gadon zama barde. Sai mutum ya yi shekara bakwai yana bin wani barden, sannan ubangidan ya ɓalle zobe ɗaya daga sulkensa ya ɗaura a na yaron gidansa, ya rantsar da shi rantsuwa biyu. Ta fari kowa ya san ta: wanda aka tsayar a wuri ba ya barinsa sai muryar da ta tsayar da shi ta sauke shi. Ta biyu kuwa barade kaɗai suka san ta.

Kaka na da shekara ashirin Babban Barde Tunau ya kai shi hasumiyar da ke kan tsibiri a tsakiyar kogin Balma, ya ce ya tsare mashigi har ya dawo. Aka yi sulhu, yaƙi ya ƙare, zazzaɓi ya kashe Tunau a hanya bai dawo ba. Shekara sittin ke nan Kaka na nan. A tsibirin ya yi aure, a nan aka haifi 'ya'yansa, suka girma suka ƙetare zuwa gari, kakata ta rasu, shi yana nan yana cin kifi safe da yamma. Daga babban birni an aiko masa da zoben zinariya a ƙyalle kore, lambar girma ta wannan zamani, ya karɓa da godiya ya rataya wa akuyarsa don ya riƙa jin inda take.

To, a ranin da nake ba ku labari ginin ya tsage daga sama har ƙasa. Sarkin Ruwa ya duba ya ce daminar bana ba za ta bar dutse kan dutse ba. Babana da ƙannensa suka ɗauko Kaka cak suka sa a kwalekwale, ya jira suka tafi gona, ya koma da iyo. Sai na je da kaina. Na ce masa ai ya san Tunau ya mutu. Ya ce ya sani sarai, har addu'a yake yi masa kullum, amma bai ji an ce alkawarin ya mutu ba.

Na ja numfashi, na buɗe ƙirji, na yi masa muryar Tunau irin wadda 'yan wasa ke yi a dandali, mai kama da tsawa, na umarce shi ya sauka. Ya saurara har na gama.

"Amarya," in ji shi, "wannan ai jaki ne ya faɗa rijiya."

"To angon, in na kawo ta gaskiyar fa?"

"In kin kawo ta, na sauka."

Na ce ya kwatanta mini ita ko kaɗan. Ya juya fuska ga kogi ya ce ba zai iya ba, kada in sake tambayarsa. Na lissafa, saura wata uku ruwa ya sauka. Na ɗaura ƙunshina na kama hanya.

Kwana ashirin na isa Birnin Garkuwa. An sa masa wannan suna ne don da yaƙi ya ƙare sai aka rufe ɗakuna da garkuwoyi, in ana ruwa duk birnin ya ɗauki kiɗa. Kwalkwali ya zama mudun awon gero, an sare takubba an yi lauje. A tsakiyar birnin akwai Gidan Zobe, inda a kowace shekara ake rataya wa mutanen kirki lambar nan, kuma na dace da ranar. Mai gadi ya ce ba a shiga sai da gayyata. Na laɓe bayan ginshiƙi na kira shi da muryar Magajin Zobe, shugaban gidan, wadda na ji yanzu-yanzu yana faɗa da mai riƙe masa laima. Ya ruga ciki, na bi bayansa.

Mutum uku aka rataya wa zobe ran nan. Akwai mai haƙar rijiya da ya shayar da ƙauyuka arba'in. Akwai wani attajirin albasa, wanda ban ji abin da ya yi ba sai dai an ce ya ciyar da taron. Akwai kuma wata ungozoma, Inna Gwamma, wadda ta karɓi haihuwa dubu uku. Da aka sa mata ƙyallen sai ta rufe fuska da mayafi tana kuka, na ji nawa idon ya cika. Sannan wani ƙato ya hau dandamali cikin sulken da bai taɓa ganin laka ba, ya karanta jawabin Tunau na ranar sulhu, da muryar jakin nan dai na cikin rijiya.

Da na yi haƙuri da na fita lafiya. Amma Magajin Zobe na tafiya kamar agwagwar da aka naɗa wa rawani, ƙafafuna kuwa ba sa neman izinina. Ban ankara ba ina bayansa ina tafiyarsa, taro ya fashe da dariya. Masu gadi suka kama ni suka kulle a ɗakin ajiyar tsofaffin sulke, suka zauna a bakin ƙofa. Na dubi sulkuna a rataye layi-layi, na share murya. Sulke na fari ya yi tari ya tambaya wa ya taɓa masa takobi. Na biyu ya ce masu gadin nan ne. Na uku, wani tsoho mai haƙori ɗaya, ya ce a buɗe a gani ko suna da kitse. Ɗaya daga masu gadin ya buɗe ƙofa don ya leƙa, na girgiza sulken da ke kusa da ni. Ko takalmansu ba su tsaya ɗauka ba.

A bakin titi na iske Inna Gwamma zaune tana ɓare gyaɗa da zobenta a wuya. Ta ce tun a zaure ta gane ni ja'ira ce, ta ba ni gyaɗa, na ba ta labarina. Ta ce, 'yar nan, mai yabo ba ya saurare, bakinsa yake ji. In kina son sanin muryar mutum, tambayi wanda ya taɓa jin tsoronsa. Ta nuna mini hanyar Fadama.

Mutanen Fadama, abokan gabarmu na da, suna gina ƙauyukansu a bayan manyan kunkuru, kowane ɗaya ya kai faɗin gonar gandu. Ƙauye na tafiya a hankali cikin ruwa, don haka ba a tambayar inda gari yake, sai dai inda ya nufa. Sati uku ina bin sawun wani ƙauye, kullum a ce mini jiya ya wuce. A ƙarshe na koyi kukan da macen kunkuru ke yi, na tsaya a kan tudu na yi shi. Ƙauyuka huɗu suka juyo, matan ciki suna zagina don tukwanensu sun tuntsure.

A cikin ɗayansu na sami Makau, tsohon mayaƙi, yana ɗinkin komar kamun kifi. Ya ce sau bakwai ya kara da Tunau, ya nuna mini tabo a kafaɗa kamar mai nuna kyautar aboki. Na roƙe shi ya kwatanta mini yadda Tunau ke tsawa a fagen fama. Ya ce bai taɓa jin ya ɗaga murya ba. Hannu yake ɗagawa, ko ya yi fito, baradensa su gane. Sau ɗaya ya ji maganarsa, ranar sulhu, a kan yashi tsakanin rundunoni biyu, kowa hannunsa a kan takobi, don ba wanda ya zo da niyyar sulhun.

"Ya miƙe zai yi magana," in ji Makau, "kalmar ta maƙale masa. Mai i'ina ne, 'yata, irin mai tsananin nan. Baradensa suka sunkuyar da kai, ba wanda ya ƙarasa masa. Mu kuma muka jira, don ba a saran mutum bai gama zancensa ba. Kafin ya kai ƙarshe rana ta karkata, hannuwa sun gaji da riƙon takobi, fushin ya huce. Da ya iya magana kamar kowa, da ranar an yi ɓarna."

Cindo maɗinki ya faɗo mini a rai, da watan nan da Kaka ya yi bai dube ni ba.

Makau ya ce shi ba zai iya kwaikwayonsa ba, ko da zai iya ma ba zai yi ba. Amma matar Tunau maginiyar tukwane ce daga Kwarin Magina, kuma 'yarsu na nan da rai.

Yumɓun wannan kwari na da wata baiwa. Duk maganar da aka yi kusa da shi yana ɗanye, yakan riƙe ta, ba ya sakinta sai ranar da tukunyar ta fashe, ya faɗe ta sau ɗaya ta tafi. Shi ya sa maginan ke aiki bakinsu a rufe, sai in da abin da suke son ajiyewa. Ranar da na shiga kasuwarsu na yi tuntuɓe da wani kasko, ya fashe ya ce da muryar wata mata wai miyar Talatu ba gishiri. Talatun na tsaye a wurin. Na bar su suna warwarewa na wuce.

Iya Ladingo 'yar Tunau ta haura sittin, siririya, hannuwanta duk yumɓu. Ta saurari labarina, ta kai ni ɗakinta ta nuna mini wani ƙaramin tulu a kan maratayi. Ta ce tana goye a bayan uwarta aka gina shi, ubanta na zaune kusa yana magana, kwana ɗaya kafin tafiyar da bai dawo ba. Ba ta san muryarsa ba. Kowace sallah takan sauko da tulun ta ce yau za ta ji, sai ta tuna in ta ji shi ke nan ya tafi, ta mayar ta ce baɗi.

Ba zan ɓoye muku ba, na dubi igiyar maratayin na ga ta tsufa. Gwiwar hannu ɗaya ta isa, in ce tsautsayi ne, kuma na iya fuskar tsautsayi fiye da kowa. Kwana uku na yi a gidan ina taya ta kwaɓa yumɓu, sau biyu ta bar ni ni kaɗai a ɗakin. Hadari kuwa ya fara haɗuwa a gabas. Na kasa taɓawa, na kuma kasa roƙo. A rana ta uku na ɗaura ƙunshina na ce zan koma, ko ba komai in zauna da Kaka. Ta tambaye ni me yake ci a tsibirin, na ce kifi. Ta tambaya ko yana zagin ubanta, na ce addu'a yake masa.

Ta shiga ɗaki ta fito da tulun a rungume. Ta ce ubanta ya bar aiki bai gama ba, ita kuma ta rataye ƙarshen aikin shekara sittin tana kallo. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ce in zauna kusa, in buɗe kunne don ba maimaici. Ta yi bisimilla ta sake shi a kan dutsen niƙa.

Duk rayuwata in ina sauraren mutum, abin dariyar nake nema. Ran nan ban nemi komai ba. Murya ce ƙasa-ƙasa, mai taushi. Takan tsaya a bakin kalma kamar mai jiran a yi masa izinin shiga, ka ji numfashi, ka ji ƙafa na bugun ƙasa a hankali, in kalmar ta fito sai ya yi 'yar dariya ta hanci. Zan ba ku abin da ya ce a miƙe, ba yadda ya faɗa ba.

"Kawo ta in riƙe miki. Gobe zan koma Balma in sauke yaron nan Jatau. Na bar shi tsakiyar ruwa, shi kuwa ba ya son kifi."

Sai kukan jaririya, sai ya fara yi mata waƙa yana kiran sunanta, Ladingo, Ladingo, ga Baba. A cikin waƙar ko sau ɗaya bai tsaya ba. Daga nan shiru.

Iya Ladingo ta daɗe tana kallon ɓaraguzan. Na ce mata muryar na bakina yanzu, in tana so in maimaita mata. Ta girgiza kai ta ce ta ji ya kira sunanta, ya ishe ta, in kai wa mai jira.

Ruwa ya tare ni a hanya. Da na iso Balma kogi ya cika ya tumbatsa, masu kwalekwale sun ce ko da me ba za su shiga ba. Babana na tsaye a gaɓa da ƙannensa, idanunsu ja. Akwai wata tsohuwar raƙumar dawa, jikar wadda Kaka ya hau a yaƙi, tana kiwo a bakin gari, ba ta amsa kiran kowa sai fiton Kaka. Na yi mata fiton. Ta ɗago kai ta dube ni kamar ta san ƙarya ce, amma ta durƙusa. Muka shiga, ruwa har gindin wuyanta.

Na iske ruwa ya shiga ƙofar hasumiya. Kaka na tsaye a matakala cikin sulkensa, wanda ya yi masa yawa yanzu, akuyarsa a gefe. Bai gaishe ni ba, ya dai miƙe sosai. Tsoro ya kama ni, don bakina ya saba mayar da irin wannan magana abin dariya, kuma in ta fito da ko ɗigon ba'a na san a nan zai mutu. Na rufe ido na tuna da mutumin da ke riƙe da jaririya.

Na fara kiran sunansa, kalmar ta tsaya inda takan tsaya. Na ji ƙafata na bugun dutse. Na buɗe ido kaɗan, sai na ga Kaka ya sunkuyar da kai yana jira, bai ƙarasa mini ba, ga ruwa na hawa ƙafafunmu.

"Jatau. Ka tsaya da kyau. Sauka ka huta. Na san ba ka son kifi, ka yafe mini."

Sulken ne na ji yana 'yar ƙara, don kafaɗunsa na rawa.

"Na sauka, ranka ya daɗe," in ji shi. "Ai na saba da kifin."

Muka haye mu uku har akuya. Bayan kwana huɗu hasumiyar ta zube, da hantsi, Kaka na zaune a gidan babana yana cin tuwon dawa da miyar kuka, kwano na biyu. Ko waiwaye bai yi ba.

Da ya wanke hannu ya kira ni, ya sa aka ɗauko sulken. Ya lalubi wani zobe baƙi a wajen ƙirji, wanda Tunau ya ɗaura masa, ya ɓalle shi da haƙori. Na ce ni ban yi shekara bakwai ina bin kowa ba, sulke ma ba ni da shi. Ya ce in rufe masa baki in miƙo hannu. Sannan ya gaya mini rantsuwa ta biyu: barde na rufa wa ubangidansa abin da ya gaza a kai, ba ya faɗa, ba ya nunawa, ba ya bari a yi dariyarsa, har kabari. Ya ce a birni sun ɗauki zoben sun bar wannan, ko da yake yana jin ungozomar nan tawa ta san ta ba tare da an gaya mata ba. Na rantse. Ya ɗaura mini zoben a bakin zanena.

Washegari na ɗauki wata riga da ba abin da ya same ta na kai wa Cindo. Ya dube ni a tsorace, ya fara gaisuwa. Na sunkuyar da kai na jira har ya gama. Tun daga ranar nake zuwa, kuma ashe duk garin ba wanda ya kai shi iya labari.

In kuna cewa ga shi na tona asirin da na rantse zan rufe, to ku je Samandari ku nemi Babban Barde mai suna Tunau, ko kogi mai suna Balma. Kun manta da wa kuke magana.

Kaka ya yi shekara uku a cikinmu. Wata rana da la'asar, kusa da ƙarshensa, ina matsa masa ƙafa, sai ya ce, amarya, yi mini muryar nan sau ɗaya mana, ba kowa a gidan.

Na ce, "Wace murya, angon?"

Ya yi 'yar dariya ta hanci, ya miƙo mini ɗaya ƙafar.